Gadar da Na Bari Babu Kowa

Zuwa ga Kakana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mama. Yaya gwiwar? Don Allah ka daina hawa gonar shayi kamar wani saurayi.

Na gama zanen gasar lardi. Na bi yadda ka koya mini: babban dutse a baya kamar mai gida, ƙanana suna rusuna masa, tsakiya na bar farar takarda ta zama gajimare. A ƙasa na zana gadar ƙauyenmu, ban sa kowa a kanta ba. Malam Kuang, mai koya mana zane, ya tambayi dalili. Kaka, abin da ban taɓa faɗa wa kowa a makaranta ba shi na faɗa masa: ta wannan gadar Baba ya fita shekara shida da suka wuce, ko wasiƙa bai aiko ba. Ya ce ya fahimta. Na buga jan hatimin da ka sassaƙa mini, na ba shi ya aika.

Jikarka,
Ruolan

Zuwa ga Kakana,

Ina gaishe ka, da fatan jiki da sauƙi.

Na zo ta ɗaya, amma kada ka yi murna. Da na shiga ɗakin baje zane, sai na ga mutum a kan gadata, da ƙunshi a kafaɗa, ya nufo gida. Malam Kuang ne ya ƙara shi. Da ya ga ina hawaye sai ya yi dariya ya ce, "Haba 'yata, layi uku ne fa na burushi! Alƙalai ba sa son zane mai kashe jiki." Har rusuna masa na yi, Kaka.

Ka san tawada ba ta goguwa a wannan takardar, ga hatimina a ƙasa.

Jiya Mama ta kira ni. An nuna mata hoton zanen a waya. Ta tambaye ni ko Baba ya rubuto mini ne nake ɓoyewa. Ta ce har ta shanya bargonsa. Na ce ba na jin ta sosai, na kashe.

Ranar Asabar zan zo. Ba zan iya faɗa mata gaskiyar ni kaɗai ba. Ka jira ni a bakin gada mu shiga tare.

Jikarka mai kewarka,
Ruolan