Kujerar Inna a Layin Gaba

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina buɗe wannan takarda da gaisuwar 'yar'uwar da ta daɗe ba ta sa ɗan'uwanta a ido ba, tare da addu'ar Allah ya sa ta iske ka lafiya ƙalau, kai da matarka da yaran nan da har yau a hoto kawai muke ganin girmansu. Allah ya ƙara maka lafiya da kwanciyar hankali, ya yi wa aikinka albarka, ya ba ku juriyar sanyin ƙasar can da kake ta ba mu labari. Mu dai muna nan, sai godiyar Allah, sai kuma kewarku da ta zame mana 'yar gida.

Kawu ya warke daga ciwon ƙafar nan, har ya koma yi wa masu ajiye mota a ƙofar gidansa masifa, ka san kuwa alamar sauƙi ke nan. Baban yara ya mayar da shagonsa na gyaran waya bakin titi, ciniki ya ɗan motsa. Babbar 'yata ta gama sakandare, tana cewa ita ma sai ta yi karatu mai zurfi irin na kawunta, na ce mata to, amma ita kam da sharaɗin dawowa gida. Ni kuma ina nan ina fama da 'yan ajina, muryata ta kusa ƙarewa. Gwaibar da ka shuka a bayan ɗakinka ta tsaga katanga. Na kira mai sara, Inna ta kore shi tun daga zaure, ta ce in dai sai an zaɓa, to a rushe katangar.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, tunda ba ma yin mako ba mu yi waya ba. Dalili shi ne duk lokacin da ka kira, Inna tana zaune kusa da ni tana kallon bakina, maganar da nake son yi da kai kuwa ita ce ta hana ni faɗa. Na yi ta juyayi, daga ƙarshe na ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ta yi fushi da ni, na saba. Ni na goya ka, ni kuma na sha faɗan da ya kamata a yi maka tun kana rarrafe.

Bari in faro maka daga tushe. Tun bara jami'ar garin nan ta fito da wani tsari: duk Asabar ɗin ƙarshen wata, wani malaminsu zai zo ɗakin taro na laburare ya yi wa jama'a bayanin binciken da yake yi, da harshen da mai kayan miya ma zai gane, ba kuɗin shiga, kowa da kowa. Ka tuna ɗakin, wanda tagarsa ke kallon masu facin taya. Yanzu an zuba fararen kujerun roba, an kafa farin allo da lasifika biyu, fankar nan mai kuka kuwa tana nan yadda ka bar ta. Ranar farko ni na ja Inna, don kan hawan jini za a yi magana, ina so ta ji daga bakin wani tunda nawa ta raina. Muka zauna can baya kusa da ƙofa saboda gwiwarta. Muna dawowa gida ta ɗauke gwangwanin gishiri ta kulle a durowarta, muka yi kwanaki muna cin abinci salam, Baban yara yana hararata kamar ni na yi laccar.

Na ɗauka shi ke nan, ashe na tsokano wa kaina aiki. Wata na zagayowa ta fito da mayafinta na zuwa unguwa ta ce in tashi mu tafi. Na ce mata yau kan gara za a yi magana, ina ruwanta da gara? Ta ce ai garar ma Allah ya halicce ta, kuma ta ci mata tabarmi ba adadi, gwamma ta san abokiyar gabarta. Tun daga nan ba ta fasa ko sau ɗaya ba. Ta ji na barci, ta ji na ƙoda, ta ji na dalilin tsagewar gine-gine, ta ji na taurari. Idan mun dawo sai ta tara jikoki da maƙwabta ta maimaita musu, da 'yan gyare-gyarenta. Gwaggo ta tsokane ta da cewa an ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba a ce furfura ta riƙa tsere wa 'yan makaranta zuwa ɗakin karatu ba. Inna ta ce mata mai hassada dama ba ya rasa karin magana.

Abin da ya sa duk ɗakin ya san ta shi ne tambayarta. Idan malami ya gama aka ba jama'a dama, masu tambaya su yi ta tambayar magani da rigakafi, ita kuwa sai ta ɗaga hannu daga ƙarshe, a miƙa mata abin magana, ta yi wa malamin sannu da ƙoƙari, sannan ta tambaye shi ko mahaifiyarsa ta taɓa jin wannan bayanin daga bakinsa. Ko wane ne, ko kan me ya yi magana, tambayar ke nan. Da farko dariya ake yi, ni kuma in ji kamar in nutse. Malamin gara ya sosa ƙeya ya ce gaskiya bai taɓa zaunar da ita ba. Mai taurari kuwa ya ce tasa ta rasu yana tsakiyar karatu. Wata na gaba sai ga malamin gara ya riƙo hannun wata tsohuwa, ya kawo ta har kusa da Inna ya zaunar, ya ce ga ta nan, a daren jiya ya yi mata nata laccar ita kaɗai. Inna ta yi ta sa masa albarka. Ranar kuwa da muka koma gida ba ta tara kowa ba.

Sai da na matsa mata sannan ta gaya mini abin da ke ranta. Ta ce zuwanka na ƙarshe, kana durƙushe kana ɗaure akwati, ta tambaye ka wai shin mene ne ainihin aikin nan da ya raba ta da kai. Ka yi dariya ka ce abu ne mai wuyar bayani, ba za ta gane ba, ta dai ci gaba da addu'a. Na tabbata ka manta, kuma na san ba da raini ka faɗa ba, hankalinka yana kan jirgi. Ita ba ta manta ba. Shekarun nan duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ɗanta likitan ruwa ne, don abin da ta tsinta ke nan, cewa kana binciken ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa kuma ana ce maka dakta. Har wata maƙwabciya ta taɓa kawo mata ƙorafin kumburin ƙafa ta ce a tambayo ka. Ta ce mini zuwa laccar nan da take yi, gwada kanta take yi. Ta ce ta gane ƙoda, ta gane gara, ta gane cewa hasken wani tauraron ya baro gida tun kafin a haifi kakanninta, to ba ta jin ruwan rijiya zai fi taurari nisa.

Yanzu ga maganar da ta hana ni faɗa. Na ce maka a baya muka fara zama, kusa da ƙofa. Bayan 'yan watanni ta ce mu matsa tsakiya, wai masu faci sun cika ƙara. Na yarda. Daga baya ta ce fanka ce ke damunta, muka ƙara gaba. Ban farga ba sai ranar da wata malama ta zo ta yi bayani kan kunnen tsofaffi, ta ce alamar farko ita ce mutum ya riƙa ɗora wa hayaniya laifi, yana kallon bakin mai magana, yana amsawa da to ko bai ji ba. Na juya na dubi Inna, na ga ta kafa wa leɓɓan malamar ido, ta karkatar da kai ta miƙa kunnen dama. Na kai ta asibiti, aka gwada, likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sa a hankali. An ba ta 'yar na'urar sawa a kunne, tana taimakawa, amma ya gaya mini a gefe cewa kada mu sa ran abin zai tsaya inda yake.

Auta, kwanakin baya ka yi mini ƙorafi cewa Inna ta rage hira da kai, daga Allah ya yi albarka sai ta miƙo mini wayar, har kana tambaya ko ka yi mata laifi. Ba ka yi mata komai ba. Ba ta jin ka ne. Ta waya muryarka tana zuwar mata kamar ana magana a ɗakin maƙwabta. Tana riƙe wayar ne tana ƙirga numfashinka, idan ta ji ka tsaya sai ta sa albarka. Bayan ka kashe sai ta sa ni in maimaita mata duk abin da ka ce, tana kallon bakina, har da tambayar ko ka yi dariya a wurin kaza. Ta ce kada in gaya maka, wai kana da aiki a gabanka, kada a ɗaga maka hankali a ƙasar mutane.

Malamar da ke shirya taron ta ja ni gefe a watan jiya, don ita ma tambayar Inna ta daɗe tana ci mata rai. Da na ba ta labari, ta nemi sunanka a wayarta, ta ce ashe ma sun san aikinka, kuma suna gayyatar baƙi daga waje. Ta ce duk watan da ka zaɓa bayan hutu naka ne, sharaɗinsu ɗaya, ka ajiye manyan kalmomi a bakin ƙofa. Na san abin da za ka ce: aiki ya yi yawa, yara suna makaranta, bari ka ɗauki bayanin a waya ka turo, ko ka rubuto in karanta mata. Na riga ka tunani. Ni kaina na gwada karanta wani abin da ka rubuta kan bincikenka, na yi mata bayanin iyakar fahimtata, ta saurare ni tsaf, sannan ta ce na yi ƙoƙari, amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kuma ba jin ne kaɗai take so ba. So take ta gan ka tsaye gaban farin allon nan, ta juya ta gaya wa mahaifiyar malamin gara cewa wannan nata ne.

Ni ma ba zan ɓoye maka ba, ina kewarka. Duk malamin da ya hau ya gyara gilashi, sai in ga kai ne, yaron da yake tara mu a tsakar gida yana tona rami da cokalin Inna wai sai ya ga inda ruwa yake kwana. Mun yi maka dariya a lokacin, mun kuma sha faɗa kan cokalin. Ashe tun ranar kake shirin tafiya. Ba na ce ka baro aikinka ba, Allah ya sani muna alfahari da shi. Cewa na yi zumunta a ƙafa take, kuma ƙarfe da zafinsa ake dukansa.

Ka gaida matarka da kyau, ka ce ina godiya da maganin gwiwar da ta aiko. Ka shafa mini kan yaran. Kawu yana gaishe ka, ya ce ka taho masa da takalmi mai laushi. Gwaggo, Baban yara da 'ya'yanka na nan duk suna gaisuwa. Gaisuwar Inna ce kaɗai babu a ciki, don ba ta san na rubuto ba.

Asabar ɗin da ta wuce, kujerar farko ta layin gaba ta zauna, dab da lasifika, har mai kula da ɗakin ya san tata ce yana ajiye mata. Da aka tashi ta riƙe hannuna ta ce malamin yau ya cika magana ƙasa-ƙasa, wata mai zuwa mu ƙara matsawa gaba. Na duba gabanta, Auta. Babu sauran kujera, sai wurin da mai magana yake tsayawa.

Allah ya kawo mana kai lafiya, ya sa kana da rabon amsa mata tambayarta.

Taka har kullum,
Yayarka