Fadamar Sarki Zubairu

Talata Mafara, 4 ga Maris, 1979

Yaya Taibatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gida, ina yara? Wani direba ɗan garin Bakura zai kawo miki littafin da na rubuta. Labarin sarakuna biyu ne masu yaƙi a kan kogi, da gimbiya mai hawan guguwa da takobi, wadda ta faɗa son ɗan abokin gabar ubanta. Ki karanta wa Safara'u, ki lura mini da fuskarta. Kin san Kawu zai je nema mini aurenta bayan Sallah. Na bincika sunayen hakimai da dagatai daga Mafara har Maradun, ban sa na kowa ba.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Falalu

Maradun

Falalu,

Muna lafiya, yara na gaishe ka. Na karanta a tsakar gidan Malam Maiwada, baban Safara'u, mata sun cika. Inda gimbiya ta tsinke wa yarima mazagin wando da takobi, tsohuwar gidan, Inna Adama, ta yi dariya har ta ƙware. Amma da na kai inda aljannu suka tare kogi, ruwa ya cinye fadamar Sarki Zubairu, ya tsere cikin zanen matarshi, sai Safara'u ta miƙe. Ta shige ɗaki.

Kai ɗan boko! Maiwada laƙabi ne. Sunanshi na yanka Zubairu, sunan kakanshi ne, shi ya sa ba a faɗi. Fadamarshi kuwa tana ƙarƙashin ruwan madatsar Bakolori. Kuma yana zaure, ya ji komai.

Sai na ji daga gare ka.
Yayarka, Taibatu

Talata Mafara, 15 ga Maris, 1979

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarki ta zo. Wallahi na zaɓi sunan ina ɗalibi a Zariya, kafin a tare ruwa. Zanen ma ba na matarsa ba ne, na kuyanga ne, ki sake dubawa. Na san wannan ba zai gyara komai ba. In canja sunan, ko in ƙone littafin? In hana Kawu zuwa? Me Safara'u ta ce?

Allah Ya bar zumunci.
Falalu

Maradun

Falalu,

Gaisuwa. Kada ka ƙone komai. Safara'u babanta take jira. Jiya ya kira ni zaure, ya sa na sake karanta mishi wurin. Bai yi dariya ba. Ya ce sarkin ya yi dabara, shi ran da ruwa ya zo ko zane bai samu ɗauka ba. Ya ce ka bar sunan, amma ka mayar wa sarkin da fadamarshi kafin Kawu ya tako gidanshi. Na ce, Baba, ai ƙagagge ne. Ya ce ya sani, ko can ɗin ma, cikin littafin, yana son a mayar.

Wassalam.
Taibatu