Kurar Inna Har Yau Tana Hanya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi, da sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwar ɗa ga uwarsa.

Inna, na gaji, kuma ke kaɗai zan faɗa wa ban ji kunya ba.

Kin tuna ranar da babbar mota ta sauke turakun wuta a bakin ƙauyenmu na Riko? Kika fito da gudu, da bakinki na mutanen Maradi, kina cewa, "Ku hito, kuran na tahe!" A wajenku can tsallaken iyaka kuran ake ce wa wutar lantarki. Matan unguwa kuwa kura suka ji. Kafin ki yi bayani an kora awaki an ɗaure, Baba Idi maƙwabcinmu ya fito da gora. Kin yi dariya har da hawaye.

To, turakun suna nan inda aka kafa su, ba waya ko ɗaya. Masu neman ƙuri'a sun zo sun dafa su, sun tafi. Duk wanda ya wuce sai ya ce kurar Inna har yau tana hanya. Da ina taya su dariya, yanzu na daina.

Ciwon sukarin da ya ɗauke ki ya kama ni. Likita ya ce allurar da nake yi wa kaina sai a wuri mai sanyi, in ba haka ba ta lalace. Na yi dabararki, na sa kwalbar a gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi, amma zafin bazara ya fi ƙarfin randa. Kullum in na gama kai fasinja bakin iyaka a kan babur, sai in sayo ƙanƙara a Jibiya. Kafin in iso gida rabi ta zama ruwa a leda. Makon jiya jiri ya kwashe ni a hanya, ina ɗauke da wata mata da goyonta. Allah ne ya tsare.

Na san abin da kika roƙe ni a ciwonki na ƙarshe, cewa kada in bar gidan nan ya zama kango. Na riƙe iya ƙarfina, Inna. Amma Yaya Sale ya ba ni ɗaki a Jibiya, kusa da wani mai kanti da ke da firjin sola. Ranar Juma'a zan kwashe yara mu koma.

Ban sayar da gidan ba, kuma ba zan sayar ba. Jikarki Rabi, mai sunanki, ta tambaye ni yaushe za mu dawo. Na ce mata sai an kawo wuta, ta yi murna, don ita ta ɗauka kwanan nan ne.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa kina hutawa. Ki yafe mini.

Ɗanki,
Lawali