Ni Na Gina, Sunan Bature Aka Rubuta

Malam Manu, a taimaka mini da shawara, raina ya ɓaci.

Ni tsohon magini ne daga Kurfi. Shekara talatin da suka wuce wani Bature mai aikin gona a Dutsin-Ma ya nuna mini hoton wata 'yar majami'a ta dutse da ke gonar kakanninsa a Ingila, inda aka binne su, ya ce irinta yake so. Ban taɓa ganin taga mai tsini ba, amma na zauna da hoton nan har na gane kansa. Ni na fasa dutsen, ni na kwaɓa farar ƙasa, baka biyar masu riƙe rufin na ɗaura. Mutanenmu suka yi ta yi mini gori wai Musulmi ya gina wa Nasara ɗakin ibada. Har matata Inno ta rasu ana yi mata habaici a gidan biki.

Bana, 1981, masu cocin suka buga ɗan littafin tarihinsa. Jikana ya karanta mini. Wai Bature ne ya gina da hannunsa! Mutumin da ko dutse ɗaya bai ɗaga ba. Yanzu bangon gabas ya tsage. Na je in duba, dattijonsu Cornelius, wani baƙo da ya rubuta littafin, ya tare ni a ƙofa, wai injiniya za su kira. Na san siminti za a cusa, kuma simintin zai riƙe ruwa, bakan ya zubo. Zuciyata na cewa in yi shiru su gani.

Tsohon Magini, Kurfi

Baba, an cuce ka, kuma sau biyu: gori a gida, mantuwa a waje. Ban ga laifinka ba da ka ji zafi.

Amma Cornelius baƙo ne, aiki ya kawo shi garin. Abin da ya tarar ana faɗa shi ya rubuta. Wa ya taɓa gaya masa kai ne? Kuma ranar da bakan nan zai zubo, Baturen na can ƙasarsu. Mata da yara ne a ƙarƙashi.

Kada ka jira damina. Nemi dattijo ɗaya da ya ga aikin da idonsa, ku je tare. Fara gaya musu maganar simintin, sannan ka nemi a gyara littafin, hakkinka ne. Ko sun ƙi gyarawa, ka dai fita hakkin rayuka.

Allah ya jiƙan Inno, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.