Kujerar roba ta bar masallaci

Maman Kausar,

Na tarar kin koma barci, ban so in tashe ki ba. Mun fita zagayen unguwa da maƙwabcinmu Oga Zakariya kafin rana ta yi zafi.

Ki yi haƙuri da faɗan jiya a kan tuwo. Likita ne ya ce malmala ɗaya, ba ke ba. Shayin rage tumbin da na saya wajen masu talla a gosulon motoci kuwa, gara da kika zubar, jiri kawai yake sa ni.

Albishirinki! Yau da Asuba goshina ya taɓa ƙasa, tumbin bai tokare mini numfashi ba. Zan biya masallaci in ɗauko kujerar robar da nake salla a kai. Ki nema mata wani aikin.

Baban Kausar