Sun Sauya Kwalba, Tankin Yana Nan

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu ma lafiya, Inna ta warware daga tarin da ya dame ta, Auta kuma ta fara tafiya, ba abin da take bari a kan tebur.

Yaya, kin tambaye ni inda aka kwana kan kamfanin lemon kwalba da Baban Auta yake wa aiki. Tun da yaran nan bakwai suka kwanta asibiti bayan sun sha lemon, biyu suka rasu, gari ya ɗau zafi. Wata biyu cur ba mai sayen lemonsu. Mai shagon bakin layinmu da hannunsa ya tuttular da katan goma a kwata, mutane na tafi. Daga baya shugaban kamfanin ya fito a talabijin ya ba da haƙuri kamar zai yi kuka, aka sallami manaja, aka sauya wa lemon suna, kwalbar ta koma koriya. Kowa ya ce talaka ya yi nasara.

To Yaya, kura ce ta yafa fatar akuya. Baban Auta ne ke kula da injin tace ruwa, ya ce tankin nan mai tsatsa da ya gurɓata ruwan lemon yana nan daram, fenti kawai aka shafa masa ta waje. Sau biyu yana rubuta wa sabon manaja. Na farko shiru. Na biyu aka kira shi ofis, aka ba shi shayi, manajan ya tambayi lafiyar yara, har ya ambaci makarantar da babbar 'yarmu take zuwa, alhali Baban Auta bai taɓa gaya wa kowa a can ba. Sannan ya tura masa takarda mai cewa ruwan ba shi da matsala, ya ce ya sa hannu kafin Litinin.

Tun ranar abinci ba ya shigarsa. Na ce ya ajiye aikin, ya ce duk wanda aka kawo bayansa zai sa hannu ko dubawa bai yi ba. Na je wurin malamar da ta jagoranci ƙaurace wa lemon, ta ce jama'a sun gaji, ba za su sake taruwa ba sai an sake ɗaukar gawa. Jiya na ga maƙwabciyarmu tana ba ɗanta mai koriyar kwalbar. Na ce ta bari, ta yi dariya ta ce ai sun tuba.

Ga kwafin wasiƙun nasa biyu a cikin ambulan ɗin nan. Ki adana, kada ki nuna wa kowa. In mako biyu ya wuce ba ki ji daga gare mu ba, ki kai wa ƙanin mijinki ɗan jarida. Baban Auta ya ce ba zai sa hannu ba, Yaya. Ki taya mu da addu'a.

Ki gaida Kawu da Goggo, da 'yan biyunki. Kada ki gaya wa Inna in kun yi waya.

Ƙanwarki,
Maman Auta