Rabi da Ɓerayenta

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ya gida, ya ƙafar taki, ya Alhaji da yara? Mu nan unguwar Kilomita Biyar lafiya lau, alhamdu lillahi.

'Yarmu Rabi ta zo hutu, an ƙara mata girma a jami'a saboda bincikenta kan ƙwaƙwalwa. Don murna babanta ya bi Titin Koudoukou yana shelar 'yarsa ta zama likitar kai. Washegari tsakar gida ta cika da masu ciwon kai.

Rabi ta fito ta ce, "Ku yi haƙuri, ba na duba marasa lafiya. Ɓeraye nake bincike a kansu, yadda suke tuna hanya."

Babanta ya sunkuyar da kai. Can Hajiya Mairo mai shagon hatsi ta ce, "'Yata, na shagona sun haddace hanya tuni. Zo ki koya musu mantuwa!"

Kowa ya fashe da dariya, har shi. Yanzu ya hana ɗana tarko a gidan, wai ɓeraye abokan aikin Rabi ne.

Ki sa ta a addu'a, ki gaishe min da su Inna.

Ƙanwarki,
Zulai